Magani ko ciko? Bayani kan abubuwan da ake sayar wa mata masu larurar SOPK

0. Gabatarwa

A shagunan farmasi da kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, har ma ta wayar salula, ana tallar kwalabe da fakitoci ga matan da al'adarsu ba ta zuwa a kan kari, ko waɗanda haihuwa ta yi wa jinkiri. Rubutun da ke jikin kwalbar na Faransanci ne ko na Ingilishi, sunan da ya ba abin da ke ciki kuma shi ne « complément alimentaire ». Amma da Hausa ake cinikin, kuma a bakin mai sayarwa da mai saye kalma ɗaya ce ke fitowa, wato « magani ». Manufar wannan maƙala ita ce mu nuna cewa akwai tazara tsakanin sunan da aka rubuta da sunan da ake faɗi, kuma tazarar tana cin kuɗin mace da lokacinta, wani zubin ma har da lafiyarta. Za mu fara da larurar da sunanta, sannan mu dubi ma'anar « magani », mu ba da shawarar wata kalma, daga nan mu auna kayan da ita ɗaya bayan ɗaya.

1. Larurar da sunanta

A 1935 likitoci biyu na birnin Shikago a Amurka, Irving Stein da Michael Leventhal, suka bayyana halin mata bakwai waɗanda al'adarsu ta rikice ko ta ɗauke, gidajen ƙwansu suka kumbura, wasunsu kuma gashi ya fito musu a inda yake fito wa maza. An daɗe ana kiran larurar da sunan mutanen biyu, daga baya aka koma ga sunan da muke gani a takardun asibiti, wato « syndrome des ovaires polykystiques », a taƙaice SOPK. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2023 ya nuna cewa tana shafar mata 8 zuwa 13 cikin 100 na masu shekarun haihuwa, kuma har kashi 70 cikin 100 na masu ita ba a gano musu ita ba.

Ga yadda abin yake. Mace tana da gidan ƙwai biyu, ɗaya a kowane gefen mahaifa. A kowane wata wasu ƴan jakunkuna masu ɗauke da ƙwai sukan soma girma, ɗaya ta wuce saura, ta nuna, ta fashe, ta saki ƙwanta. In ba a samu ciki ba, bayan kamar mako biyu sai jini ya zo. Ga mai SOPK jakunkunan sukan tsaya suna ƙanana, tsakanin milimita 2 da 9, a yi wata da watanni babu wadda ta kai ga nuna. Abu biyu ne ke riƙe da su. Na farko, hormon na maza, wanda kowace mace ke da shi kaɗan, ya yi yawa, daga nan ne gashin haɓa da ƙurajen fuska ke fitowa. Na biyu, ga da yawa daga cikin matan jiki ba ya amsa kiran insulin yadda ya kamata, wato hormon ɗin da ke shigar da sukari cikin tsoka. Sai jiki ya ƙara yawan insulin, shi kuma ya tunzura gidan ƙwai ya ƙara hormon na maza. Shi ya sa ake yawan ganin larurar tare da ƙibar ciki, da baƙin wuya mai kauri wanda wanka ba ya fiddawa, da haɗarin ciwon sukari. Duk da haka akwai siraran mata masu ita.

Ƙa'idar da aka tsayar a taron Rotadam na 2003 ita ce a samu alamu biyu cikin uku: al'ada mai rikici, yawan hormon na maza a jiki ko a gwajin jini, da tarin ƴan jakunkuna a hoton ciki da ake ce wa eko. Kafin a yanke hukunci kuma sai an tabbatar ba wata cuta mai kama da ita ba ce, kamar ta tiroyid ko ta yawan hormon na nono.

A nan ne matsalar fassara ta farko take. Kalmar « kyste » takan koma « ƙari » a bakin mai fassara, « ovaire » kuma ta koma « mahaifa », sai mace ta fita daga asibiti da labarin cewa tana da « ƙari da yawa a mahaifa ». Jimlar ta kauce ta fuska biyu: abin ba a mahaifa yake ba, kuma ba ƙari ba ne da ake yankewa, jakunkunan ƙwai ne da ba su nuna ba. Su kansu masanan sun ga illar sunan, domin a 2012 wani kwamitin da cibiyoyin binciken lafiya na Amurka suka kafa ya ba da shawarar a canza shi. A ɗaya gefen kuma Bahaushe yana da nasa bayanin na ɗaukewar al'ada wata da watanni, wato « kwantaccen ciki », wanda kan sa a zauna jira maimakon a je awo. Mu muna ganin « jinkirin nunar ƙwai » ya fi kusa da gaskiya, domin « jinkiri » ba « rashi » ba ne, kuma mafi yawan matan sukan haihu, da taimako ko ba da shi ba. Sunan bai ɗauki ɓangaren sukari ba, saboda haka a sauran maƙalar za mu riƙe SOPK.

2. « Magani » da « ciko »

Dubi waɗannan misalai:

(1) a. maganin zazzaɓi: abin da ke kore shi
b. maganin barci: abin da ke kawo shi
c. maganin yara: abin da aka yi dominsu

(2) a. maganin ƙiba
b. maganin haihuwa

Ginin ɗaya ne, suna da madanganci da wani suna, amma dangantakar ba ɗaya ba ce. A (1) sanin duniya ne ke warware ma'ana. A (2) kuwa ginin yana karɓar ma'anoni biyu masu karo da juna: (2a) na iya zama na ƙara jiki ko na rage shi, (2b) na iya zama na neman ciki ko na hana shi. Bugu da ƙari, fagen kalmar ya wuce jiki, tun da akwai maganin ƙarfe, da maganin baki, da maganin farin jini, har karin magana ya mai da haƙuri maganin zaman duniya. Abin da ya haɗa su duka shi ne alkawarin biyan bukata. Ke nan duk abin da aka kira magani an riga an ce yana aiki.

A harshen doka kuwa « médicament » kalma ce mai ƙunci. Kafin a ba shi izinin shiga kasuwa sai an gwada shi a kan masu ciwon, an nuna amfaninsa da illarsa da ma'auninsa. Shi « complément alimentaire » a sahun abinci doka ta sa shi. Dokar Amurka ta 1994 ba ta bukaci mai yin sa ya tabbatar da amfaninsa kafin ya sayar ba. Umarnin Tarayyar Turai na 2002 ya hana a rubuta a jikinsa cewa yana rigakafi ko yana warkar da wata cuta. A 2010 ƙungiyar UEMOA ta amince da ƙa'idojin rajistar irin waɗannan kaya a ƙasashenta. Wani ɓangare na kayan da ke kasuwannin kudancin Nijar daga Kano yake shigowa, kuma lambar hukumar NAFDAC a jikin haɗin itatuwa shaida ce ta rajista, ba shaidar warkarwa ba. Abin da doka ta hana a rubuta da Faransanci, kalmar « magani » tana faɗinsa da Hausa a numfashi guda.

Wasu masu fassara sukan ce « ƙarin abinci ». Muna ganin rauni biyu a nan. A maganar yau da kullum ƙarin abinci shi ne wanda ake zuba wa wanda bai ƙoshi ba. Sannan a rubuce « ƙari » ɗin ya yi kama da ƙarin da muka ambata a sashe na 1. Shawararmu ita ce « cikon abinci », ko « ciko » kawai. Kalmar ta fito daga aikatau « cika », kamar yadda « complément » ya fito daga tushen Latin mai ma'anar cikawa, kuma tana ɗauke da wani sharaɗi da kowane Bahaushe ya sani: ana kawo cikon kuɗi ne in kuɗin bai kai ba, ana cikon tiya ne in ba ta cika ba. In babu giɓi babu ciko. Wannan sharaɗi shi ne ma'aunin da za mu ɗora kayan a kai: wane giɓi abin yake cikewa, kuma wa ya auna giɓin?

3. Kayan ɗaya bayan ɗaya

3.1. Asid folik

Wannan shi ne wanda hujjarsa ta fi ƙarfi, amma ba ta SOPK ba ce. Bututun da ke zama ƙwaƙwalwa da lakar ɗan tayi yana rufewa cikin kwana 28 na farko, tun mace ba ta tabbatar da cikin ba. Babban gwajin da aka buga a Ingila a 1991 ya nuna cewa asid folik yana rage naƙasar wannan bututu ƙwarai. Ma'aunin da aka saba shi ne mikrogram 400 a rana, tun kafin ciki har makonni 12 na farko. Ga mace mai SOPK abin ya ƙara muhimmanci, domin wadda al'adarta kan yi wata uku ba ta zo ba tana iya ɗaukar ciki ba ta sani ba. Ciko ne na gaskiya, kuma mai araha. Sai dai ba ya sa ƙwai ya nuna, ba ya daidaita al'ada.

3.2. Bitamin D, bitamin B12 da sinadarin ƙarfe

Waɗannan uku giɓinsu ana auna shi a jini. Fata ce ke yin bitamin D in rana ta taɓa ta, saboda haka zama a ƙasa mai rana ba ya wadatar da wadda ke wuni a ɗaki ko take rufe jiki duka. An sha samun ƙarancinsa ga masu SOPK, kuma cike shi yana amfanar ƙashi, amma gwaje-gwajen da aka yi kan al'ada da haihuwa ba su ba da amsa ɗaya ba. Yana taruwa a kitsen jiki, iyakar da aka tsayar wa babba kuma ita ce mikrogram 100 a rana, yawansa na iya tada kalsiyom a jini ya taɓa ƙoda. Bitamin B12 yakan ragu ga wadda ta daɗe tana shan metformin. Sinadarin ƙarfe kuma na wadda jini ya yi wa ƙaranci ne, abin da kan faru in al'ada ta daɗe ba ta zo ba sannan ta zo da yawa.

3.3. Inositol

Shi ne ya fi kowane shahara a tallar. Wani masanin kimiyya na Jamus, Johann Joseph Scherer, ya fara tace shi daga tsokar nama a 1850, sunan kuma daga kalmar Girkanci mai nufin jijiya ko tsoka ya fito. Dangin sukari ne. Akan ga an rubuta « bitamin B8 » a jikin kwalba, amma ba bitamin ba ne, domin bitamin shi ne abin da jiki ba ya iya yi wa kansa isasshe, inositol kuwa ƙoda tana yin gram da dama nasa a kullum, ana kuma samunsa a wake da hatsi da ƴaƴan itace. Aikinsa a cikin ƙwayar halitta shi ne isar da saƙon insulin, daga nan ne tunanin gwada shi ga SOPK ya taso.

A 1999 John Nestler da abokan aikinsa suka buga gwajin da ya tada sha'awar. Mata 44 masu ƙiba aka raba biyu. Cikin 22 da aka ba nau'in da ake kira D-kiro-inositol, miligram 1200 a rana, 19 sun saki ƙwai. Cikin 22 da aka ba ƙwayar da babu komai a ciki, 6 ne suka saki. Gwajin ƙarami ne kuma na makonni 6 zuwa 8, ƙwai ya ƙirga, bai ƙirga jarirai ba. Daga baya hankali ya koma ga nau'in miyo-inositol, yawanci gram 4 a rana, ko haɗin nau'o'in biyu a ma'aunin 40 da 1. Da ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwajen a 2018 sai ta ga hujjar da ta shafi haihuwar ɗa mai rai ba ta da ƙarfin da za a dogara da ita. Jagorar ƙasa da ƙasa ta 2023, wadda Jami'ar Monash ta Ostareliya ta jagoranta, ta ce mace na iya gwada shi in ta zaɓa, tun da illarsa kaɗan ce kuma yana iya gyara wasu awon jini, amma amfaninsa ga sakin ƙwai da gashi da nauyi taƙaitacce ne, babu wani nau'i ko ma'auni da za a iya ba da shawararsa, a fagen neman haihuwa kuma har yanzu a matakin gwaji yake.

In muka ɗora shi a ma'auninmu sai mu ga ya faɗa tsakani. Babu wani awon asibiti na yau da kullum da ke nuna « ƙarancin inositol », saboda haka ba ciko ba ne a cikakkiyar ma'ana. Ana shan sa a ma'aunin magani, amma ba a yi masa binciken da ake yi wa magani ba.

3.4. Itatuwa da kayan ƙamshi

Berberin sinadari ne mai ɗaci da ake tacewa daga wasu itatuwa. Yana rage sukarin jini, wato yana aiki irin na magani. Saboda haka ne a 2019 hukumar kula da lafiyar abinci ta Faransa, ANSES, ta gargaɗi masu ciki da masu shayarwa da masu ciwon sukari su guje shi. Macen da ke neman ciki tana iya zama mai ciki a kowane wata, don haka gargaɗin ya haɗa da ita.

Kirfa da hulba an gwada su a kan mata ƴan kaɗan na ɗan lokaci. Kirfar da ta fi yawa a kasuwa tana ɗauke da kumarin, wanda yawansa ke wahalar da hanta. Ɗan abin da ake barbaɗawa a abinci daban, cokali cike kullum daban. Na'ana'a kuma an gwada ta a Ingila a kan mata 42, a gwajin da aka buga a 2010, kofi biyu a rana har kwana 30: hormon na maza ya ragu a jini, amma da aka auna gashin ba a ga ya ragu ba. Ya kamata a lura cewa shayin da aka saba dafawa a ƙasarmu sukari ya fi na'ana'a yawa a cikinsa, sukarin kuma shi ne abin da mai SOPK ke bukatar ragewa. Zogale abinci ne mai kyau, kwaɗonsa ya fi garinsa na kwalba araha. Man kifi mai omega-3 yana rage wani nau'in kitse a jini, a nan amfaninsa ya tsaya.

3.5. Ƙwayoyin ƙara jiki

Waɗannan sukan shiga sahun « bitamin » a bakin masu talla, alhali wasunsu na ɗauke da siproheptadin mai buɗe ciki, wasu da deksametazon. Na biyun yana tada sukarin jini, yana tara kitse a ciki da fuska, yana rikita al'ada. Ga mai SOPK ƙarin wuta ne a kan wuta. Misalin (2a) ba wasan nahawu ba ne: mace na iya neman « maganin ƙiba » a miƙa mata kishiyar abin da take nufi.

4. Abin da ciko ba ya maye gurbinsa

Babu abin da ke kawar da SOPK gaba ɗaya, amma kowace alamarta tana da abin da aka gwada. Ga mai ƙiba, rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi ta hanyar abinci da motsa jiki yakan dawo da al'ada. Metformin yana taimaka wa jiki ya amsa kiran insulin. Ga wadda ba ta neman ciki a lokacin, ƙwayar tazarar haihuwa mai hormon biyu tana daidaita al'ada ta rage gashi da ƙuraje. Wannan ba gyaran jiki kawai ba ne: in al'ada tana wuce kwana 90 ba ta zo ba, shimfiɗar cikin mahaifa tana ta kauri, kuma da daɗewa haɗarin sankarar mahaifa yana ƙaruwa. Ga mai neman ciki, letrozol ne ake farawa da shi. A gwajin da aka buga a Amurka a 2014 a kan mata 750, kashi 27,5 cikin 100 na waɗanda aka ba letrozol sun haifi ɗa mai rai, waɗanda aka ba klomifen kuma kashi 19,1. Duka biyun a hannun likita ake shan su, kuma kafin nan ana auna maniyyin miji, domin jinkirin haihuwa ba na mace kaɗai ba ne.

A nan ne tazarar da muka ambata a gabatarwa ke bayyana. Macen da ta tabbata tana « shan magani » ba ta ganin dalilin zuwa awo. Shekara biyu ko uku na iya wucewa a kan kwalba bayan kwalba, alhali shekarun haihuwa ƙidayayyu ne, gorin dangin miji da maganar kishiya kuma ba sa jira.

5. Kammalawa

Ga masu fassara a asibiti, da ungozomomi, da ma'aikatan gidajen rediyo, muna ba da shawarar a raba jimloli kamar haka:

(3) a. Wannan magani ne, likita ya rubuta shi don ƙwai ya nuna.
b. Wannan ciko ne, an auna jininki an ga bitamin D bai kai ba.
c. Wannan ciko ne da ba a auna giɓinsa ba, kina iya gwadawa, amma kada ki fasa zuwa awo.

Haka kuma a kiyaye bambancin « warkar da », « rage » da « taimaka », domin na ukun ne ƴan talla suka fi so, saboda ba ya ɗaure mai faɗinsa da komai. Ita kuma mai saye, kalmar « ciko » ta ba ta tambayoyi uku da za ta iya yi a gaban kanta ba tare da ta san Faransanci ba: me ya rage a jikina, wa ya auna, in ciki ya shiga zan ci gaba da sha?

Kalmomin da muka kawo shawara ce, ba hukunci ba. Abin da ya rage shi ne a gwada « cikon abinci » da « jinkirin nunar ƙwai » a bakin masu Katsinanci da Gobiranci da Damagaranci da Adaranci da Arewanci, musamman mata, a ga abin da suke fahimta in sun ji su karon farko. Muna gayyatar abokan aiki na sashen harsuna da na tsangayar koyon aikin likita su haɗa hannu a kan wannan aiki.